Makirufon Araha ko a Jira na Ƙwarai? Muhawara Daga Bakin Ruwan Yawuri

Matashin da ya yi niyyar buɗe shirin fodkas a Yelwan Yawuri, wato shirin hira irin na rediyo da ake naɗa a ɗora a intanet kowa ya saurara lokacin da ya ga dama, yakan ci karo da shawara iri biyu tun bai naɗi kalma ɗaya ba. Wasu za su ce masa ya sayi ɗan makirufon nan da ake maƙalawa a wuyan riga, ko saitin nan mai sanda da ɗan akwati mai fitilu, ya fara a wannan makon. Wasu kuma su ce kada ya zubar da kuɗinsa, ya daure ya tara, ya sayi na ƙwarai sau ɗaya ya huta. Kowane ɓangare akwai masu hankali a ciki, kuma kowanne yana da hujjar da ba a ture ta da hannu ɗaya.

Tushen gardamar kuɗi ne. Makirufo ba a ƙera shi a Nijeriya, daga waje yake zuwa, farashinsa kuma yana bin dala sau da ƙafa. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. A farkon 2024 ta haura 1,500. Shure SM7B, baƙin makirufon nan da ake gani a gaban manyan masu fodkas na Amurka, yana kai dala 400. Ɗan'uwansa SM58, wanda mawaƙa ke riƙewa a dandamali tun 1966, yana wajen dala 100. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, dala 100 a lokacin ta zarce albashin wata biyu. Saboda haka idan an ce wa ɗan Yelwa ya jira ya tara, ba jiran sati biyu ake nufi ba.

Daga nan masu cewa a fara da na araha suke ɗauko zancensu. Suka ce da babu gara ba daɗi. Shirye-shirye nawa ne suka mutu a cikin ƙirjin masu su saboda ana jiran kayan aiki? Mutum bai ma san ko zai iya riƙe shiri na wata uku ba, bai san ko yana da abin faɗa bayan fitowa ta biyar ba, a ce ya narka kuɗin da zai isa jarin albasa a kan ƙarfe ɗaya? Ya fara tukuna. Idan shirin ya kama ƙasa, shi da kansa zai sayi makirufonsa.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko nauyi. Suka ce a duba inda sautin zai ƙare. Mai sauraro a Ngaski ko Shanga ba a ɗakin jin sauti zai zauna ba. Da Itel ko Tecno zai ji, ta ƴar lasifikar waya, wataƙila a cikin kasuwa, wataƙila a cikin jirgin ruwa injin yana ruri. Kafin ma shirin ya iso gare shi an tura shi ta WhatsApp, an matse shi don kada ya cinye data, an kwafe shi daga wannan memori zuwa wancan. Duk zaƙin muryar da aka biya dala ɗari huɗu dominsa ya zube a hanya. Suka ƙara da cewa kunnen Bahaushe ba baƙon ƙaraurau ba ne. Tun 1957 ake kama sashen Hausa na BBC a gajeren zango, murya tana zuwa tana ɓacewa, ba a taɓa kashe rediyo saboda haka ba. Tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello na Kaduna, da kaset-kaset na wa'azi da suka karaɗe Arewa daga baya, a cikin masallatai aka naɗe su, da tarin jama'a da amsa-kuwwa da komai. Abin da ya riƙe mutane shi ne abin da ake faɗa.

Ɗaya ɓangaren ba su musanta ko ɗaya daga cikin wannan ba, sai dai sun ce an karanta shi a baibai. A da mutum yana jure ƙaraurau saboda tasha ɗaya ko biyu gare shi, kuma malamin da ke magana an riga an san shi, an yarda da shi. Sabon mai shiri ba shi da wannan alfarma. Wayar da ake jin sa a cikinta tana ɗauke da dubban wasu muryoyi, ɗan yatsa kawai za a matsa a wuce shi. Kuma fodkas ba hoto gare shi ba. Mai kallon bidiyo yakan yafe mummunan sauti saboda ido yana taya kunne. Mai sauraron hira ta minti 40 kunne kaɗai ya dogara da shi, idan ya gaji da ƙoƙarin rarrabe kalmomi sai ya ajiye, ba tare da ya san dalilin da ya sa shirin ya gundure shi ba. Batun ƙaramar lasifikar waya kuwa, suka ce ai hujjarmu ce ba taku ba: sautin da aka ɗauka garau yakan tsira ko an matse shi, wanda aka ɗauka a dagule kuwa matsewa ƙara dagula shi take yi.

Sai suka kawo karin maganar da kowa ya san za su kawo, araha ba ta ado. Wanda ya sayi na banza yau, ya lalace, ya sake saya, ya sake, a ƙarshe ya biya kuɗin na ƙwarai bai mallake shi ba. A Yelwa wannan magana tana da ƙarin nauyi, domin manyan kasuwannin irin waɗannan kaya suna nesa. Daga Alaba ta Legas ko Farm Centre ta Kano ake aiko su, a bi da su ta Kontagora ko ta Jega a hannun direba. Idan an buɗe kwali aka tarar abu ba ya aiki, mayar da shi ya fi sayensa wahala.

Muddin gardamar ta tsaya a kan araha da tsada, ba za ta ƙare ba, domin ba nan ainihin bambancin yake ba. Makirufo iri biyu ne a ƙira. Akwai dainamik: a cikinsa akwai ɗan faifai siriri manne da naɗin waya a tsakiyar maganaɗisu, murya ta kaɗa faifan, naɗin ya motsa, wuta ƴar kaɗan ta samu. Ba ya buƙatar batir ko wata wuta daga waje, yana jure faɗuwa da ƙura da zafi, kuma sai an kusanto shi da baki yake ji sosai. Irinsa ne a hannun ladan da mai sanarwa a wurin biki. Akwai kuma kondensa: faifansa ya fi sirantaka, sai an ba shi wuta yake aiki, manyansa na sitidiyo bolt 48 suke nema, kuma yana jin komai, har numfashi da motsin kujera. Wannan jin shi ne darajarsa a ɗakin da aka gina don naɗar sauti, shi ne kuma masifarsa a ɗakin haya mai rufin kwano da daɓen siminti.

A ɗauki ɗaki irin wanda yawancinmu muke da shi, a watan Afrilu, lokacin da zafin Yawuri ke kai maki 40. Mai kondensa dole ya rufe taga, ya kashe fanka, ya roƙi maƙwabci ya kashe janareto, ya jira ƴan kabu-kabu su rage, sannan ya zauna da baƙonsa suna zufa. Bayan minti 15 baƙon ya ƙosa, hira ta mutu. Ko an yi duk wannan, bangon siminti zai dawo da murya, a ji kamar a cikin rijiya ake magana. Abin baƙin ciki, saitin da ya fi jan idon matasa, makirufon nan mai ruwan zinare da ake kira BM-800 tare da ɗan akwatin V8 mai maɓallin tafi da dariya da amsa-kuwwa, kondensa ne. A hoto ya yi kama da sitidiyo, shi ya sa ake sayensa. Don raha kai tsaye a TikTok ba laifi. Don hira mai tsawo a ɗakin da ba a gyara ba, a ganina shi ne zaɓi mafi rauni a cikin duka, kuma ba arahar ce laifinsa ba, ƙirarsa ce ba ta dace da wurin ba.

Masu goyon bayan dainamik sukan wuce gona da iri su ce yana kore hayaniya. Ba ya kore komai. Sirrin a tazara yake. Duk lokacin da aka rage nisan baki da makirufo da rabi, ƙarfin murya yana ƙaruwa da desibel 6, alhali ƙarar janareton da ke bayan katanga tana nan yadda take. Dainamik yana tilasta wa mai magana ya matso, kamar faɗin yatsu huɗu, sai murya ta danne duk abin da ke kewaye. Ƙirar kansa kuma ta fi jin abin da ke gabansa fiye da na bayansa. To, wannan bayanin kansa makami ne a hannun masu araha. Idan tazara ce sirri, ɗan makirufon wuyan riga da ke taƙi ɗaya daga baki zai fi na dala 400 da aka ajiye a tsakiyar tabarma. Gaskiya ne kuwa.

Kuma dainamik ba lalle ne ya yi tsada ba. Behringer XM8500 bai cika wuce dala 30 ba. Sai dai akwai ɓoyayyen kashe kuɗi da masu ba da shawara kan manta su faɗa: wayarsa mai baki uku ce, wadda ake kira XLR, ba ta shiga wayar hannu ko kwamfuta sai ta mikisa ko wani akwatin haɗi, wanda sau da yawa ya fi makirufon tsada. SM7B ya fi kowa wannan hali, domin muryarsa ƙasa-ƙasa take fitowa, sai da na'ura mai ƙarfin ɗagawa. Shi ya sa ƴan tsakiya irin Samson Q2U da Audio-Technica ATR2100x suka yi suna a wurin masu farawa: dainamik ne, ƙasa da dala 100, suna da kafar USB da ta XLR duka, da ramin sa abin kunne don mutum ya ji kansa yana magana. Da ƴar igiyar OTG suna aiki da yawancin wayoyin Android, daga batirin wayar suke shan ƴar wutar da suke buƙata. A garin da ke gefen tafkin Kainji da ke ba ƙasa lantarki amma ba kullum ake samun wutar ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Duk wannan lissafi ya ɗauka cewa shirin a ɗaki za a yi shi, mutum biyu a tebur, kamar yadda ake gani a YouTube. A nan ne nake rabuwa da ɓangarorin biyu, ko in ce a nan nake komawa kusa da masu cewa a fara yau, amma ba don dalilinsu ba. Me Yawuri take da shi wanda Kano da Kaduna da Abuja ba su da shi? Ba hirar ƙwallo ba ce, ba sharhin fim ba ne. Waɗannan akwai masu yin su da kayan da ba za mu kamo ba. Abin da muke da shi muryoyi ne da babu su a ko'ina. A 1968 aka kammala madatsar Kainji, ruwa ya hau, aka tashi mutum sama da 40,000 daga garuruwansu da tsibiransu, tsohuwar Busa ta nutse, Gungawa da yawa suka bar gungun da kakanninsu suka noma albasa a kai suka koma gidajen da gwamnati ta gina musu a tudu. Yaron da yake da shekara 15 a lokacin yau ya haura 70. Su ne suka rage waɗanda suka ga kogin kafin ya zama tafki, suka san sunan kowane dutse da kowace mashiga da yanzu ke ƙarƙashin ruwa. Akwai tsofaffin Sarkawa da suka san kamun kifi kafin zuwan inji da komar zamani. Akwai masu jin Gunganci da Kambarci tsantsa, akwai ƴan tsirarun da suka rage da Shanganci a bakinsu, harshen da Hausa ta kusa shanyewa. Akwai matuƙa jirgi da suka san dalilin da ya sa kututturan itatuwan da ruwa ya rufe suke fasa jirage, da abin da ya faru a Wara a watan Mayun 2021, lokacin da jirgi ɗauke da mutane fiye da 100 ya nutse. Turawa sun rubuta wucewar Mungo Park ta Yawuri a 1806 da zuwan Richard da John Lander a 1830. Abin da mutanen kogin da kansu suka riƙe a ka, kaɗan ne aka naɗa.

Waɗannan mutane ba za su zo sitidiyo ba, kuma ba za su jira a tara dala 100 ba. Kowace damina ana rasa wasu. Wannan ne ya sa shawarar a jira take ba ni tsoro.

Wanda ya yarda da wannan, tambayarsa ta sauya: wane makirufo ne zai shiga aljihu, ya hau babur zuwa Birnin Yawuri, ya shiga kwalekwale, ya zauna a zaure? Nan ɗan na wuyan riga yake da ranarsa, har da wata fa'ida da ba ta cikin takardar kamfani. Dattijo ba ya sakewa idan yaro ya miƙo masa ƙarfe a baki. Kai ma da ka durƙusa a gabansa hannunka zai gaji, kuma akwai rashin ladabi a cikin yanayin. Amma idan ka ce, "Baba, a yi mini izini in maƙala wannan a wuyan riga," ya ce "Bismilla, ɗana," bayan minti biyar ya manta da shi, ya shiga labari kamar yadda yake ba jikokinsa. Sai dai a lura da wurin maƙalawa. Shadda mai sitaci tana ƙara duk lokacin da ya ɗaga hannu ya gyara babbar riga, carbi yana ƙwanƙwasa, hijabin Inna yana goga a kai idan aka sa shi a ciki. A maƙala shi a waje, a sa masa ƴar hularsa ta soso, a zaunar da mai magana ya ba iska baya. A bakin ruwa soso ma ba ya isa, sai mai gashi-gashin nan, domin iskar tafki tana shiga makirufo kamar ana buga ganga.

Ko a cikin na wuyan riga akwai rabuwar kai. Matasa sun fi son marasa waya, waɗanda ake soka ɗan karɓa a gindin wayar hannu, saboda sun fi kyan gani kuma ba igiya. Masu arahar cikinsu suna da wata dabara ta rage hayaniya da ke aiki da kanta: tana datse farkon kalma da ƙarshenta, ta sa murya ta yi kamar daga cikin ruwa take fitowa. Ga mai tallan atamfa na daƙiƙa 30 ba komai. Ga tsohon da haƙoransa suka zube, yana magana a hankali cikin harshen da karin sauti ke bambanta ma'anarsa, asara ce da ba ta gyaruwa. Ga kuma caji da kan ƙare ana tsakiyar labari. Mai igiya irin Boya BY-M1, da wayarsa mai tsawon mita 6 da ɗan batirin agogo, bai da kwarjini, amma abin da aka faɗa shi yake ɗauka. Ni shi zan zaɓa don wannan aiki.

Masu cewa a sayi na ƙwarai suna da amsa a nan ma, kuma ba zan ɓoye ta ba. Suka ce idan har muryar ba za ta maimaitu ba, ai ita ta fi cancantar kayan kirki. Hirar ƙwallo idan ta lalace a sake ta gobe. Hirar ɗan shekara 80 idan ta lalace ta tafi ke nan. Na yarda da rabin wannan. Amsarsa ita ce a yi hattara, ba a jinkirta ba: a sa abin kunne a saurari minti ɗaya kafin a ci gaba, a sa waya a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse, a ajiye waya ta biyu a gefe tana naɗa ko da ta farko ta ba da matsala. Sun kuma yi gaskiya cewa akwai wurin da na wuyan riga ba ya iya komai, domin ta kowane gefe yake ji. A ranar bikin Rigata, ga kalangu ga ihun ƴan kallo ga jirage suna tsere, ko a kasuwar kifi da hantsi, dainamik na hannu kaɗai zai fitar da muryar mutum ɗaya daga cikin taron.

Saboda haka wanda shirinsa na zama ne a ɗaki, shi da abokinsa, dainamik mai USB ya dace da shi, kuma ya cancanci a yi masa adashi na ƴan watanni, ko mutum uku su haɗa su saya su riƙa karɓa-karɓa. Kafin nan ba sai ya zauna ba: masu hayar lasifika na biki suna da dainamik da mikisa, ana iya aro ko haya a ranar da ba su da aiki. Ya kuma gyara ɗakin da abin da ke gida, darduma a ƙasa, labule mai kauri, katifa a jingine a bango. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi falon tayil daɗin murya nesa ba kusa ba, kuma irinsa bai ƙare a unguwanninmu ba. Wanda kuma shirinsa na yawo ne wurin mutane, ya sayi mai igiya na wuyan riga guda biyu, ɗaya nasa ɗaya na baƙo, ya kama hanya.

Abu ɗaya da duka ɓangarorin suka haɗu a kai shi ne jabu. SM58 yana cikin makirufon da aka fi kwaikwaya a duniya, kwali da tambari da jaka duk iri ɗaya. Idan aka ce maka ga shi a kashi ɗaya cikin biyar na farashinsa, ba shi ba ne. Gara ka sayi mai ƙaramin suna na gaskiya da ka sayi babban suna na ƙarya. In da hali a gwada kafin a biya, kuma da wayar da za a yi aikin da ita, domin wani makirufon yana aiki da wannan waya ya ƙi waccan. Idan aiko shi za a yi, a nemi wani amintacce a can ya gwada, ya turo naɗin a ji. Bayan an dawo daga hira kuma, asalin naɗin shi ake adanawa, ba wanda aka tura ta WhatsApp ba: a kwafe shi a wuri biyu, a rubuta sunan garin da ranar da harshen da aka yi magana da shi, a kuma naɗi izinin mai maganar da bakinsa a farkon hirar kafin a ɗora komai a intanet.